Bulalar Malam da Bakin Uwaye

Ƴan'uwa na gida da na cirani, mu tuna baya. Zamanin Faransa, uba kan kai ɗansa makarantar allo don ya tsere ma lakwal. Nashi kuɗin Laraba, sauran na malam ne. Yaro ya ƙi sallar asuba ya sha bulala, uwa ta yi kukanta cikin ɗaki. Tsofaffi na cewa wuta ba ta cin inda bulalar malam ta taɓa.

An buɗe madarasar Say a 1957, irinta suka yaɗu bayan 1960. Malaminta mai albashin gwamnati ne, ba uba ya damƙa mashi yaro hannu da hannu ba. Sai uwaye suka fara tambaya: wa ya ce ka duke shi? Malam ya ce: a gida wa ke tashe shi da asuba?