Kujerar Zinariya: Tarihin Mutanen Akan da Gadon da Suka Bari

Akan suna ne da ya haɗa al'ummu da dama masu tushen harshe da al'ada ɗaya, mazauna kurmin kudancin Gana da gabashin Kwaddibuwa. Daga cikinsu akwai Asante, watau waɗanda Hausawan dā ke kira Tonawa, da Fante, da Bono, da Baule.

Zinariya ita ce ta fara fito da sunansu. Tun a ƙarni na 15 Wangarawa ke saukowa daga Jenne zuwa kasuwar Begho suna sayenta. Turawan Fotugal kuma suka iso gaɓar teku a 1471, suka gina ganuwar Elmina a 1482. Da haka hanya ta buɗe musu arewa da kudu, dauloli irin su Bono da Denkyira suka bunƙasa.

Sai dai dukiya ba ta isa ta riƙe ƙasa ba. Abin da ya riƙe Akan shi ne tsarin zamansu. Ta wajen uwa suke gado, saboda haka ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. Uwar sarauta ke nuna wanda zai hau kujera, dattawa su amince, in kuwa ya kauce su tuɓe shi. Ashe sarki baƙo ne, kujera ce 'yar gida.

A kan wannan tushe Osei Tutu na Kumasi ya yi gini. Bisa ga tarihin baka, bokansa Okomfo Anokye ya sauko da wata kujerar zinariya daga sama, ya ce kurwar Asante duka tana cikinta. Ba a zama a kanta, ko da sarki ne. Garuruwa suka haɗa kai a kanta, suka karya Denkyira a Feyiase a 1701. Magajinsa Opoku Ware ya kai mulkin har Gwanja da Dagomba. Daular ta sayar da bayi masu yawa ga Turawa, wannan kuwa tabo ne da ba ya ɓoyuwa. Bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, fataucin goro ya daɗa ƙarfi, ayarin Hausawa suka riƙa cika kasuwar Salaga.

Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896. A 1900 Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar ya zauna. Wannan magana ita ta sa Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta ta da yaƙi. An ci su, an kai ta tsibiran Seshel inda ta rasu a 1921, amma kujerar ba ta shiga hannu ba. Prempeh ya komo gida a 1924, aka kuma mai da haɗin kan Asante a 1935.

Har yanzu gadon na nan. Ana saƙa kente, ana raɗa suna bisa ranar haihuwa, kamar Kwame na Asabar da Kofi na Juma'a, daidai da Ɗan'asabe da Ɗanjuma. Tatsuniyoyin Ananse, takwaran Gizo, sun bi bayi har Jamaika. A 1999 aka naɗa Osei Tutu na Biyu a Kumasi, bisa zaɓin uwar sarauta da yardar dattawa, kamar yadda aka gada.