Tarihin Gajiyar Ƙarfe: Daga Jirgin Ƙasan Faransa Zuwa Jirgin Comet

Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wayar da ƙato ba zai iya tsinkewa da ja ɗaya ba, yaro zai karya ta idan ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Wannan shi masana ke kira gajiyar ƙarfe. A yau mun waiwayi yadda aka gano ta, da abin da ya sa hasashen ranar karyewar ƙarfe yake da wuya idan nauyi na zo masa ta fuskoki da yawa.

Ranar 8 ga Mayu 1842, jirgin ƙasa ya taso daga Versailles zuwa birnin Faris cike da jama'a. A Meudon, sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun kan jirgin ta karye, taragai suka hau juna, wuta ta kama. Da yake a lokacin ana kulle wa fasinja ƙofofi, mutum aƙalla 55 suka halaka. Abin da ya ɗaure wa injiniyoyi kai shi ne sandar ba ta ɗauki nauyin da ya fi na kullum ba. A 1843 William Rankine, injiniya daga Sikotlan, ya duba irin waɗannan sanduna da suka karye, ya nuna cewa tsaga tana farawa ne ƙarama a inda kaurin sandar ya sauya da kusurwa mai kaifi, ta riƙa ci a ɓoye har ragowar ƙarfen ya gaza.

Sai August Wöhler, injiniyan jiragen ƙasa a Jamus, ya shafe shekaru yana juya sanduna a na'ura da nauyi rataye a kansu, yana ƙirga juyin har su karye. Sandar da ke juyawa, kowane gefenta ana jan sa sau ɗaya, ana danne shi sau ɗaya a kowane zagaye. A 1870 ya bayyana sakamakonsa: gwargwadon ƙanƙantar nauyi, gwargwadon yawan juyin da ƙarfe zai jure, kuma ƙarfen tama yana da wata iyaka da in an tsaya ƙasa da ita, yana iya yin miliyoyin juyi bai karye ba.

Amma gwajin Wöhler na lanƙwasa ne akasari, alhali ƙarfe a bakin aiki ba ta gefe guda ake taɓa shi ba. Sandar cikin inji tana lanƙwasa, tana kuma murɗuwa a lokaci ɗaya. A 1935 Gough da Pollard, a ɗakin gwaji na ƙasa da ke Teddington a Ingila, suka haɗa lanƙwasa da murɗa a kan ƙarfe guda. Suka nuna cewa nauyi biyu da kowannensu bai kai iyaka ba, in sun haɗu suna iya karya ƙarfen, suka fitar da lissafin haɗa su.

Darasi mafi ɗaci ya zo daga sama. A Mayu 1952 jirgin Comet na kamfanin de Havilland, jirgin fasinja na farko mai injin jet, ya fara zirga-zirga daga Landan zuwa Johannesburg, yana ya da zango a Hartum. Ranar 10 ga Janairu 1954 ɗaya ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka mutu. Ranar 8 ga Afrilu wani da ya tashi daga Roma zuwa Alƙahira ya faɗa teku da mutum 21.

Masu bincike a Farnborough, ƙarƙashin Arnold Hall, suka nutsa gangar wani Comet cikin ƙaton tankin ruwa. Suka riƙa cusa ruwa cikinta suna sassautawa, kamar yadda matsin iska ke ƙaruwa in jirgi ya hau, ya ragu in ya sauka, ana kuma ɗaga fikafikansa ana sauke su. Da aka haɗa da tafiye-tafiyen da ya riga ya yi, a kan na 3,057 gangar ta ɓarke. Matsin iska yana jan fatar jirgi ta kewayenta da kuma ta tsawonta, jan kewaye ya ninka na tsawo, kuma a kusurwar taga jan yana taruwa fiye da yadda aka lissafa. Kamfanin ya yi nasa gwaji tun farko, sai dai ya fara matsa sashen gwajin da ninki biyu na matsin aiki, wanda ya ƙara wa kusurwoyin juriya, gwajin ya ba da amsar da ta fi gaskiya daɗi.

A 1973 Brown da Miller suka kawo hanyar da ake bi har yau: a nemi fuskar da ke cikin ƙarfen inda gocewa da ja suke haɗuwa su buɗe tsaga, a yi lissafin rayuwarsa daga nan. Yanzu kwamfuta ke wannan lissafi, duk da haka ana gwada jirgi sukutum, ana kuma duba shi lokaci-lokaci don neman tsaga.

Mu da yawancin tafiyarmu da kayanmu a kan manyan motoci take, wannan tarihi ya shafe mu. Sandar ƙafar mota tana ɗauke da lodi, tana murɗuwa da ƙarfin inji, tana shan bugun ramuka, kuma tana tara kowane ɗaya. Ƙarfen da ya fara tsagewa ya cinye mafi yawan kwanansa, walda a bakin tsagar ba ta mayar masa da su. Direba da makaniki su duba kusurwoyi da bakin ramin ƙusa da wurin tsohuwar walda, domin nan tsaga ta fi farawa, su kuma sauya abin da ya tsage tun motar tana tsaye.