AINU MADI: MAHAIFAR SHEHU TIJJANI A BAKIN SAHARA



Ya ku 'yan'uwa, idan aka yi zancen ziyara a zawiyoyinmu, Fas da Kaulaha ne ke fara zuwa baki. Wannan kuwa daidai ne. Sai dai akwai wani ɗan gari da kowane almajiri ya haddace sunansa tun yana ƙarami, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya nuna inda yake. Garin shi ne Ainu Madi, mahaifar Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani (R.A.).

Ainu Madi yana ƙasar Aljeriya, a gindin duwatsun Jabalu Amur, inda tuddai suke ƙarewa hamada ta soma. Tsakaninsa da birnin Lagwat kimanin kilomita 70 ne, Lagwat kuma tana kudu da Aljiyas da kusan kilomita 400. Tsohon garin irin wanda Larabawan can suke kira ƙasar ne, wato birni mai ganuwa, gidaje manne da juna, lunguna ƙunci, lambuna a waje suna shan ruwan idon da garin ya samo sunansa. Malaman tarihin Ɗariƙa sun ce kakan Shehu, Sidi Muhammadu bin Salim, shi ya fara sauka a nan, ya yi aure cikin ƙabilar Tijjana. Daga wannan aure ne jikokinsa suka sami laƙabin da miliyoyin mutane suke amsawa a yau.

A nan aka haifi Shehu a shekarar 1150 Hijiriyya (1737). A nan ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara bakwai, a nan kuma annoba ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa a 1166, yana da shekara goma sha shida. A 1171 ya fita neman ilimi zuwa Fas. Buɗin da Allah Ya yi masa kuwa ba a Ainu Madi ya zo ba, a Abu Samgun ne, wani ƙaramin gari mai dabino da ke yamma, a 1196, inda ya sadu da Manzon Allah (S.A.W.) a farke, aka ba shi wuridi. A 1213 (1798) ya koma Fas da zama, Sarki Maulaya Sulaimanu ya karɓe shi hannu biyu, can kuma ya yi wafati a 1230 (1815).

Abin da ya faru bayan wafatin shi ne ba a cika karanta mana ba. Halifansa Sidi Aliyu Tamasini (R.A.) ya mayar da 'ya'yan Shehu biyu, Sidi Muhammadul Kabir da Sidi Muhammadul Habib, gidan kakanninsu. Ba su tarar da hutu ba. Turkawan da ke mulki daga Wahran sun daɗe suna matsa wa garin da haraji da hare-hare tun Shehu yana raye. A 1827 Sidi Muhammadul Kabir ya fita da jama'arsa ya tunkare su kusa da Ma'askar, waɗanda suka yi masa alkawarin taimako suka janye, aka kashe shi a fagen fama.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1838, sai ga wata rundunar a bakin ganuwa, wannan karon ta Musulmi ɗan'uwa. Amir Abdulƙadir Aljaza'iri, Baƙadire, malami, mujahidin da ya tsaya wa Faransawa, yana son haɗa ƙasar duka ƙarƙashin tuta ɗaya, ya nemi mubaya'ar Ainu Madi. Sidi Muhammadul Habib ya ƙi. Aka tsare garin kusan wata shida, daga ƙarshe aka yi sulhu a kan mutane su fita da iyalinsu da kayansu, Amir ya rushe ganuwar a farkon 1839. Daga baya zuriyar Shehu suka dawo suka sake gini.

A nan ina roƙon matasanmu su yi hattara. Na sha jin ana ɗauko wannan labari a majalisa don a soki Ƙadiriyya, wasu kuma su ɗauko shi don su ce Tijjanawa sun ƙi jihadi. Duka biyun zalunci ne ga magabata. Rikicin na mulki ne da mubaya'a, tsakanin shugaban da ke ganin rarrabuwa za ta ba maƙiyi ƙofa, da mai gidan da aka kashe wansa ba da jimawa ba, wanda ya ga abin da shiga yaƙin sarauta yake jawowa. A daidai waɗannan shekaru ne Shehu Umarul Futi, Batijjane, ya zauna a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Baƙadire, har ya zama surukinsa.

Mai ziyara a yau zai tarar da tsohon garin da zawiyar da ke mazaunin Halifan Ɗariƙa na zuriyar Shehu, da gidan da aka haife shi, da kaburburan 'ya'ya da jikoki. Daga wannan gida ne Sidi Bin Umar ya fito ya zagaya Afirka ta Yamma, har ya sauka Kano a 1949. 'Yan kilomitoci daga gari akwai fadar Kurdan, wadda Turawa masu yawon buɗe ido suka fi sha'awa, saboda labarin Oreli Fikar, Bafaransiyar da jikan Shehu, Sidi Ahmadu Ammar, ya aura, ta rayu a can, a can kuma ta rasu a 1933. Ginin ya sha jiki, kuma ni dai ban ga ya kamata almajiri ya ba shi fiye da sa'a guda ba.

Wanda Allah Ya hore wa tafiya, ya sani ƙasar tudu ce, sanyinta na hunturu ya fi ƙarfin hunturunmu nesa ba kusa ba, don haka ya riƙi bargo da rigar sanyi. Kada kuma ya juyo daga Ainu Madi bai ƙarasa Abu Samgun ba, ko da hanyar ta yi tsawo. Ɗakin halwar Shehu yana nan a cikin tsohon garin, ana buɗe wa baƙi su shiga su yi wuridinsu.