Masu Ƙirga Faɗa-wuta a Ingila

A garin Epping, kusa da Landan, gidan Doubleday suna da kantin kayan masarufi. 'Ya'yan gidan biyu, Henry da Edward, sun lura cewa idan aka ajiye gangar da aka juye sukari a waje, da dare ya yi sai faɗa-wuta su yi mata dandazo. A wajajen 1840 dabarar ta zama sana'ar masu son ƙwari: a dama sukari da giya, a shafa a jikin bishiya da magariba, a dawo da fitila a ga baƙin da suka zo. Har yau ana yi, musamman da kaka, lokacin da furanni suka yi ƙaranci.

Amma ni wanda ya fi burge ni shi ne C. B. Williams. Ya yi aikin ƙwarin gona a Masar da Tanganyika, sannan a 1933 ya kafa tarkon fitila a cibiyar binciken noma ta Rothamsted. Bai damu da neman mai kyau ko wanda ba a saba gani ba. Kowane dare a kunna, kowace safiya a ƙirga, a rubuta, ko da abin da ya shiga bai taka kara ya karya ba. Daga 1968 irin wannan tarko ya bazu a sassan Birtaniya, da ƙwan lantarki iri ɗaya, yawanci a hannun 'yan sa-kai.

Tarkon Rothamsted kashe kamunsa yake yi, kuma wannan yana sosa mini rai, ko da yake na san dalilinsa. Wani tarkon da wasu masu suna Robinson suka fito da shi a 1950 ya fi tausayi: ƙwaron ya faɗa cikin baho, ya laɓe a kiret ɗin ƙwai, da safe a duba shi a sake shi. Shi ne na masu lambun bayan gida. A watan Oktoba babban burinsu su buɗe su tarar da wani faɗa-wuta mai suna Merveille du Jour, kore shar da zanen baƙi da fari, wanda tsutsarsa ke cin ganyen itacen oak. Idan ya manne a bawon bishiya mai gansakuka, sai mai ido.

Kyau ne yake fito da mutane cikin sanyin asuba, amma ƙirgar ce ta tona asiri. Rahoton da ƙungiyar Butterfly Conservation ta fitar a 2021 ya nuna yawan manyan faɗa-wuta a Birtaniya ya ragu da kashi 33 cikin ɗari tsakanin 1968 da 2017. Ba wanda zai gane haka da ido.

Tsutsar da ta addabi masararmu tun 2016 ma ai ɗiyar faɗa-wuta ce. Ɗalibanmu na aikin gona, ku sami fitila da baho da littafi, ku fara rubutawa daga daminar bana.