Matsayin hidima

matsayin hidima (sn., nj.) A fannin kwamfuta: halin da manhaja mai aiki a bayan fage take ciki. A systemd, wanda ya fito a 2010 kuma yawancin rassan Linux suka runguma, umarnin systemctl status kan nuna ko hidima tana aiki, tana tasowa, ta tsaya, ko ta gaza. Misali: "Duba matsayin hidimar kafin ka taɓa sabar." Kada a rikita shi da sahalewa, wato izinin tashi da kanta in an kunna na'ura, domin hidima kan samu sahalewa amma tana kwance. Har wadda ta gama aikinta ta fita, a wasu lokuta akan ce "tana aiki", kuma nan ne sabon shiga ya fi ruɗewa. Littafin jagora na systemd ya ba kowane hali sunansa daban.