Bencin Ƙofar Gida da Tarihinmu a Agege

Kafin layin dogo ya isa Kano a 1911, kujerar Bahaushe masassaƙi ne ke fafe ta daga gungume ɗaya da gizago, gado kuwa na kara ne ko na ƙasa. Da fataucin goro ya zaunar da kakanninmu a Zangon Agege, sai suka samu yankakken katako, irin wanda aka san Oko Baba da shi. Da zarto, guduma da ƙusa, magidanci kan haɗa bencinsa ko teburin shayinsa da hannunsa.

Yau kujerar roba ta cika gidajenmu. In ta karye, sai bola. Bencin katako kuwa ƙusa biyu ke tayar da shi. Mu koya wa yaranmu riƙon zarto. Allah ya jiƙan magabata.