Haɗa kwamfutar wasa don tabarau na VR: abin da za ku duba kafin a biya kuɗi

Kwanakin nan tambaya guda ce ke ta maimaituwa a saƙonnin da ke shigo mana. Samari masu ɗakin wasan PlayStation a Maraɗi da Damagaram suna son ƙara tabarau na VR don jawo ciniki, su kuma yayyensu na Faransa da Amurka suna tambaya: "An ce in sayo kayan kwamfuta, to wanne zan saya?" Mun ga ya fi kyau mu rubuta bayanin, ku tura wa mai sayen kafin ya biya. Kayan da ya keto teku ya iso Tawa, sannan aka gano bai shiga ba, mayar da shi sai dai labari.

VR dai tabarau ne da ke rufe idanu, ka ga kanka cikin wasan, ka juya kai duniyar ta juya tare da kai. Aikinsa ya fi na wasan allo nauyi, domin hoto biyu kwamfuta ke zanawa, ɗaya na kowane ido, kuma yawanci sau 90 cikin daƙiƙa guda. In ta yi jinkiri ko kaɗan, hoton ya riƙa tsalle, mai wasa ya kama jin jiri da tashin zuciya. Yaron da ya yi amai a ɗakinka ba ya dawowa, kuma sai ya gaya wa abokansa.

Saboda haka daga tabarau ake fara lissafi, ba daga kwamfuta ba. Meta Quest 2 na 2020 da Quest 3 na 2023 suna aiki su kaɗai, da nasu wasanni a ciki. In waɗannan wasannin sun ishe ku, to ba ku buƙatar kwamfuta sam, ku riƙe kuɗinku. Sai in ana son manyan wasanni na Steam ake jona su da kwamfuta, ko ta wayar USB-C mai shiga ramin USB 3, ko ta Wi-Fi mai 5 GHz. Shi kuwa Valve Index na 2019 ba ya motsi sai da kwamfuta, kuma ramin DisplayPort yake nema, HDMI ba ya yi masa. Nan ne masu kwamfutar hannu ke yawan faɗawa rami, don da yawansu HDMI kaɗai gare su.

Bayan tabarau sai katin hoto, wanda masu gyara ke ce wa kart garafik. Nan ne kuɗi ya kamata ya fi tafiya. Don a samu ma'auni: wasan Half-Life: Alyx da ya fito a 2020, mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne GTX 1060 ko RX 580 mai giga 6 na ƙwaƙwalwar kati, da giga 12 na RAM. Wannan fa ƙarshen ƙasa ne, wasan zai tashi amma ba daɗi. Quest 3 yana da ɗigo 2064 sau 2208 a kowane ido, cika su kuwa sai kati mai ƙarfi. A ganinmu, mai saye yau kada ya sauka ƙasa da RTX 3060 mai giga 12 ko RTX 4060, in aljihu ya yarda ya hau RTX 4070. Kati mai giga 4 kuwa, ko kyauta aka ba ku, ku yi godiya ku sa shi wani aikin.

Yanzu ga inda asara ta fi yawa: furosesa, da babban faranti da komai ke dafe a kansa, wato kart mer, da kuma RAM. Su ukun nan kamar aure ne, sai an dubi dangi. Kamfani biyu ke yin furosesa, Intel da AMD, kuma na ɗaya ba ya zama a farantin ɗayan. Ko cikin gida guda ma akwai bambanci. A AMD, Ryzen 5 5600 mazauninsa AM4 ne, RAM ɗinsa DDR4. Ryzen 5 7600 kuwa AM5 ne, wanda ya fito a 2022, kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. Sunayen sun yi kama, lamba ɗaya ce ta bambanta, amma ba ruwan wani da wani. A Intel, zuriya ta 12 da 13 da 14 duk mazauninsu LGA1700 ne, sai dai farantan nasu kashi biyu ne: wani na DDR4, wani na DDR5, da wuya a sami mai ɗaukar duka biyun. Dole a karanta abin da aka rubuta jikin kwali. Tsawon DDR4 da DDR5 ɗaya ne a ido, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri guda take ba. In ya ƙi shiga, don Allah kada a danna da ƙarfi. RAM na kwamfutar hannu ma gajere ne, ba ya shiga ta tebur.

Akwai wani tarko kuma. Faranti irin B450 yana ɗaukar Ryzen 5000, amma in tsohon ajiya ne sai an sabunta masa BIOS tukuna, in ba haka ba ka kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Mai saye ya tambayi mai sayarwa ko an sabunta. Mafi sauƙi shi ne a zuba sunayen kayan duka a shafin PCPartPicker, kyauta ne, zai nuna wanda bai dace da wani ba. Game da yawan RAM, giga 16 ya isa, kuma a saye shi sanda biyu na giga 8, ya fi sanda guda sauri.

Ma'ajiya ba ta da dogon zance: SSD mai tera 1. Sai dai ku sani Alyx kaɗai ya haura giga 60, don haka yayanku ya sauke wasannin can inda intanet ke da araha, da asusun da za a yi wasa da shi, kafin ya aiko.

Akwatin raba wuta, alimantasiyo, shi mutane ke rainawa, alhali in ya lalace yana iya tafiya da sauran kayan. RTX 3060 yana cin watt 170, kamfanin Nvidia ya ce a ba shi akwati mai watt 550. RTX 4070 kuwa mai 650. Kuran ɗinmu volt 220 ne, na Amurka 120. Akwatunan zamani da aka rubuta musu 100 zuwa 240 suna daidaita kansu, amma in kun ga ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230, ku mayar da shi 230 kafin a jona, in ba haka ba ƙara ɗaya za ku ji sai hayaƙi. Wayoyin da ake cirewa daga jikin akwatin kuma, kada a ari na wani kamfani a sa wa wani, ko da bakinsu ya shiga. Sannan a tanadi ondiler saboda ɗaukewar kuran. Ƙaramin nan na ofis mai 650 VA bai kai watt 400 ba a zahiri, ba zai riƙe irin wannan kwamfuta tana tsakiyar wasa ba.

Gidan kwamfutar ma a auna shi. Wasu katunan hoto sun wuce santimita 30, ƙaramin gida ba ya rufuwa a kansu. Mu nan da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, gida mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya fi mai gilashi da fitilu masu launi amfani, ko da na biyun ya fi kyau a hoto. A ɗora shi kan tebur, ba ƙasa ba, a riƙa hure ƙurar a kai a kai.

Kayan hannu na biyu ba laifi ba ne, amma a kula da katin hoto. Tun Satumban 2022 da aka daina haƙar Ethereum da katunan hoto, waɗanda suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Kada a biya sai an gwada shi da wasa na tsawon rabin awa, ana duba zafinsa.

Ɗakin wasan kuma yana son fili aƙalla mita 2 da mita 1 da rabi, ba kujera, ba yara masu gilmawa. Ku dubi fankar sama, don mai tabarau ba ya ganin inda yake ɗaga hannu. In an gama wasa a mayar da tabarau cikin kwalinsa, kada a bar shi bakin taga ko tsakar gida: rana in ta ratsa gilashinsa tana ƙona allon da ke ciki, kuma tabon ba ya gogewa.